Minti Ukun Yaya

Shekara ashirin da shida ke nan ina zama a kujera ɗaya, can ƙarshen dogon teburin kwamitin tsara gari na ƙaramar hukumarmu, kuma ko sau ɗaya ban taɓa buɗe baki a zama ba. Ba wai ba ni da abin faɗa ba ne. Wanda ya san ni a waje ya san bakina ba ya hutu. Doka ce ta hana. Sakatariyar zama kayan aikinta biyu ne, biro da ƙararrawa. Idan aka buɗe wa jama'a fili, kowa minti uku gare shi a gaban makirufo. Ni ce mai duba agogo, ni ce mai kaɗa ƙararrawa idan lokaci ya cika, ko da mutum yana tsakiyar kuka ne. Shi ya sa tun daga masu gadi har direbobi ba mai kirana da sunana, sai Anti Ƙararrawa.

Lokacin da na kama aikin nan, garin namu ɗan mitsitsi ne, kana iya zagaye shi a keke kafin shayinka ya huce. Yanzu gidajen bene sun cinye gonaki, sababbin unguwanni suna ta tsirowa, wasu ma ni da nake buga sunayensu a takarda ban san ta ina ake shigarsu ba. Da, duk wanda ya miƙe zai yi magana na san uwarsa. Yanzu baƙi ne masu manyan wayoyi, suna tayar da jijiyar wuya a kan wurin ajiye mota. In an tashi sai in kwashe takarduna, in hau bas, in koma hawa na uku inda nake zaune ni kaɗai. Maigidana ya rasu, 'yata guda ɗaya tana aure a gari mai nisa, takan kira idan yaranta sun bar ta. Akwai makon da nake rufe ƙofa ranar Juma'a da yamma, ba na ƙara jin muryata sai Litinin da safe in na gai da direban bas. Kaɗaici ne, ba sai na saka masa wani suna ba.

A watan da nake ba da labari, maganar faɗaɗa tsohuwar hanya ce ta cika ofis. Hanyar ta ratsa unguwar da aka haife ni, kuma ita ce kaɗai mafita ga duk sababbin gidajen da aka gina a bayanta, don haka kullum da safe motoci suke cushewa a kanta. Injiniyoyi suka ce a mai da ita layi shida. Aka bi gine-gine ashirin da uku da jan fenti, alamar za a rushe su. Na goma sha huɗu a jerin gidan mahaifinmu ne, inda Yayana yake zaune, da shagonsa na gyaran keken ɗinki a ɗakin da ke bakin titi.

Mu biyu iyayenmu suka haifa. Yaya ya girme ni da shekara bakwai, kuma yana da in'ina, irin mai tsanani, wadda kalma take maƙale masa a maƙogwaro har jijiyoyin wuyansa su fito. Ni kuwa da magana aka haife ni. Tun ina 'yar ƙanƙanuwa ni ce bakinsa. In aka aike mu kanti, shi ke riƙe jaka, ni ke faɗin abin da aka aiko mu. In ya fara kalma, kafin ya kai rabi na ƙarasa masa. Mutane suna yabona, wai ga yarinya mai tausayin ɗan'uwanta. Ban taɓa tambayarsa ko yana so ba, don a ganina amsar a fili take.

Shekara tara da suka wuce, Innarmu ta kwanta a asibiti. Likita ya kira mu ofishinsa, ya ce akwai aikin da za a iya yi mata, amma shekarunta sun ja, mu ne za mu yanke shawara. Yaya ya dubi likita ya buɗe baki. Kalmar ta ƙi fita. Likitan yana ta duba agogo, ana jiransa a wani ɗaki. Sai na ce, "Cewa yake a yi, likita. Mun yarda." Na sa hannu. Sai bayan kwana biyar, da aka fito da ita a rufe, Yaya ya samu ya faɗa mini abin da ya maƙale masa ran nan: Inna ta roƙe shi tun a mota cewa kada ya bari a yanka ta, a mai da ita ɗakinta. Ya ɗauki kusan rabin sa'a kafin ya gama faɗa, a tsaye a bakin ƙofar asibitin. Tun daga ranar bai ƙara ce mini uffan ba. Da matarsa ta rasu shekara biyu baya, na je, na zauna cikin mata, na yi masa gaisuwa, ya amsa da ka.

To, ranar Litinin, saura kwana tara zaman jin ra'ayin jama'a, Baba Masinja ya ajiye mini takardar da masu son magana suke rubuta sunansu a bakin ƙofa. Baba Masinja tsoho ne, ya riga ni zuwa ofishin, kuma ba takardar da yake ɗauka bai karanta ba.

"Anti, yau kin yi baƙo a layi na bakwai," in ji shi.

Na duba. Rubutun Yaya ne, haruffa ƙanana a tsaye, yana danna biro kamar yana ɗaure noti. Gida mai lamba goma sha huɗu. A gurbin da aka ce "da baki ko a rubuce", ya ja layi biyu a ƙarƙashin "da baki".

"Da ƙafarsa ya zo?"

"Da ƙafarsa. Ya tsaya ya leƙa zauren ma, ya daɗe yana kallon makirufo. Na ce in kira masa ke, ya girgiza kai."

Na zauna da takardar a hannu. Na san zauren nan fiye da tafin hannuna. Na san mutum ɗari biyu za su cika shi, na san matasan da suke tsayawa a baya da wayoyi suna ɗaukar duk wanda ya yi abin dariya. Na san Ciyaman, shugaban kwamitin, mutumin kirki ne amma ba shi da haƙuri ko na sisin kwabo, in mutum ya yi jinkiri sai ya fara buga biro a tebur. Na hango Yaya, dattijo ɗan shekara sittin da biyar, a tsaye yana kokawa da gaisuwa har minti uku su ƙare. Kuma wa zai kaɗa masa ƙararrawa? Ni. A kan gidan ubanmu.

Akwai wata ƙa'ida da muka kafa shekarun baya, lokacin da wani gida ya turo mana mutum goma sha ɗaya su faɗi magana ɗaya: gida ɗaya, murya ɗaya. Ko a rubuce ko da baki, ba duka biyu ba. In takarda ta riga ta shigo daga gida, an ɗauka an ji gidan, ba a kiran kowa. Ni na buga ƙa'idar da hannuna, don haka ba zan ce mantawa na yi ba. Ina sane. Ni ma magajiyar gidan ce, sunana yana cikin takardar gado, ina da ikon in shigar da ƙorafi. Na je na gaya wa lauyan hukuma, don kada a ce na yi a ɓoye. Ya ɗaga kafaɗa ya ce tunda ba ni da ƙuri'a a kwamiti, ba ruwansa.

Kwana uku ina sauka ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a lokacin cin abinci. Wuri ne da ba mai shiga sai ni da ɓeraye. Na san abin da nake nema, don ina nan aka yi shi: taswirar babbar magudanar ruwa da aka binne shekara ashirin da suka wuce, tun yawancin injiniyoyin yanzu suna makarantar firamare. Na same ta a ƙasan wani kwali da ruwa ya taɓa. Magudanar ta bi daidai ta ƙofar gidanmu da gine-gine uku na kusa da shi. In aka ɗora titi a kanta sai an tono ta an sake, aikin wata shida. A tsallaken titi kuwa, daidai wurin, filin ajiye manyan motoci ne na hukuma, fanko. Hanya za ta iya ɗan karkata can ba tare da ta taɓa kowa ba.

Na rubuta shafi biyu. Ba yabon kai ba, a shekara ashirin da shida na karanta ƙorafi ya fi dubu, na san wanda ake karantawa da wanda ake ɗora kofin shayi a kai. Ban sa kuka ba, ban ce a nan aka yanke mana cibi ba. Na sa lambar fayil, na sa kwanan wata, na liƙa hoton taswira. Na buga hatimin karɓa da kaina. Sannan na ɗauki takardar masu magana, a gefen layi na bakwai na rubuta "an karɓa a rubuce".

Wallahi daɗi na ji. Na koma gida ran nan har da 'yar waƙa a bas. Na ce a raina zan tsare masa gida, in tsare masa mutunci, ba tare da ya sha wahalar furta ko kalma ɗaya ba. Har na fara tsara yadda zai zo ya same ni bayan zama. Tunanin in je in tambaye shi tukuna bai ko gifta mini ba.

Ranar Laraba ƙarfe goma zaure ya cika har bakin taga. Na hango Yaya a layin kujeru na uku. Ya yi aski, ya sa tufafin da aka goge har karin guga yana nan, ya ɗaura agogo a hannu, shi da bai taɓa son agogo ba don yana kama masa zare in yana aiki. Ya rame. Wuyansa ya yi tsawo a cikin riga. Bai dubi inda nake ba.

Mutum shida suka yi magana. Wata mai shagon gyaran gashi ta zagi injiniyoyi, wani malamin makaranta ya zo da takarda mai shafi biyar, na kaɗa masa ƙararrawa yana shafi na biyu. Da na shida ya sauka, na ga Yaya ya dafa gwiwoyinsa zai miƙe.

"Na bakwai an karɓa a rubuce," in ji Ciyaman, idonsa a kan takarda. "Na takwas."

Yaya ya riga ya miƙe. Ya fito tsakanin kujeru yana ɗingishi kaɗan, ya nufi makirufo. Shi da na takwas suka isa tare.

"Baba, wane gida?" in ji Ciyaman.

Yaya ya buɗe baki. Na ga haɓarsa tana rawa. Ya ɗaga yatsu goma, ya sake ɗaga huɗu.

"Goma sha huɗu? Ai gidanku ya riga ya yi magana, Baba. Ga takardarku nan, shafi biyu, har da taswira. Ta yi kyau ƙwarai, za mu duba. Gida ɗaya murya ɗaya ne. A taimaka a zauna, mutane da yawa suna jira."

Sai a lokacin Yaya ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da na ji sauƙi. Kallo ne na mutumin da ya gane, kuma bai yi mamaki ba. Da na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni na shigar, na janye, a bar shi ya yi magana," da Ciyaman ya bari, na tabbata. Amma sakatariya ba ta magana a zama. Da wannan na fake. Na sunkuyar da kai na rubuta lambar na takwas, na danna agogo. Da na ɗago, kujerarsa ba kowa.

Na lallashi kaina cewa fushin na ɗan lokaci ne, in sakamako ya fito zai huce. Bayan mako biyu sakamako ya fito. Babban injiniya ya sauka da kansa ya duba magudanar, ya dawo yana share gumi, kwamiti ya amince hanya ta karkata ta filin manyan motoci. Gine-gine huɗu suka tsira daga cikin ashirin da uku: gidanmu, da wasu ɗakunan ajiyar siminti guda uku da ba mai kwana a cikinsu. Ciyaman ya tsaya a gaban teburina ya ce na cece su daga abin kunya. Baba Masinja kuwa da ya kawo mini kwafin hukuncin, ajiyewa ya yi ya juya ya tafi, abin da ba halinsa ba ne.

Ranar Asabar da hantsi na sa kwafin a jaka na hau bas zuwa unguwar. Rabona da ita tun rasuwar matar Yaya. An riga an fara cire rufin wasu gidajen, ƙofofi da tagogi a jingine a bakin titi, kowa yana kwashe abin da zai iya. A ƙofar gidan da ke manne da namu na tarar da Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu tun muna 'yan mata, tana ɗaure tukwane a cikin zani.

"Ah, 'yar gida! Yau ke ce a gari? An ce ke kika tsayar da naku. Sannu da ƙoƙari. Mu kam jibi mota za ta zo."

"Ina za ku koma?"

"Can bayan gari, inda aka ba mu. Ko bas ba ya zuwa tukuna." Ta ja bakin zanin da haƙori ta ɗaure. "Ni Yayanki nake ji. Shekara biyu ni ke miƙa masa abinci ta katanga. Yanzu wa zai miƙa, buhun siminti?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"To ya ya ƙare da jawabinsa? Ya faɗa kuwa? Ni ban samu zuwa ba, jikata ba lafiya."

"Wane jawabi?"

Ta saki ƙullin ta dube ni. "Au, ba ki sani ba? Ai wata guda cur ba mu huta ba. Kullum da safe kafin ya buɗe shago, sai ya tsaya a tsakar gida yana magana shi kaɗai. Da farko na ɗauka kansa ne ya taɓu, na leƙa ta katanga. Sai na gan shi riƙe da agogo, yana bubbuga cinyarsa da yatsa yana magana. Ran farko ya fi minti ashirin. Yana ragewa, yana ragewa. Ranar da ya shigar da shi cikin uku, da kansa ya leƙo ya gaya mini, yana dariya kamar yaro. Ban taɓa ganin haƙoransa haka ba."

"Me yake cewa?"

"Wannan kuma ba a bakina ba. Shiga, yana ciki."

Shagon yana nan yadda na san shi. Kawunan kekunan ɗinki a jere a kan kanta, kowanne da ɗan ƙyallen da aka ɗaura masa don a gane mai shi, warin man keke, gwangwanayen madara cike da ƙananan notuna. Yaya yana zaune a bayan teburinsa da tabarau a karan hanci, ya kwance cikin wani keke. Na yi sallama. Ya amsa a ciki, bai ɗago ba.

Na ciro takardar na ajiye a gefen hannunsa. Bakina ya fara aikinsa tun kafin in ba shi izini: magudana, taswira, babban injiniya, yadda na sauka ɗakin fayiloli, yadda Ciyaman ya yaba. Ina jin kaina ina zuba kamar famfon da ya lalace, na kasa rufewa. Ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ajiye sukundireba, ya goge hannunsa da tsumma, ya nuna mini bencin da masu kawo gyara suke zama. Na zauna. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko agogon, ya ajiye shi a gabana, fuskarsa tana kallona. Ya miƙe da ƙyar, ya gyara wuyan rigarsa. Bai dube ni ba, bangon da ke bayana ya duba, ya fara bubbuga cinyarsa da yatsa, sannu sannu. Muryar ta fito a kan bugun, kalma bayan kalma, kamar mai taka matakala.

"Ranka ya daɗe Ciyaman, 'yan kwamiti, sannunku da aiki. Ni ne mai gyaran keken ɗinki na gida mai lamba goma sha huɗu. Ban zo hana hanya ba. Mutane sun yi yawa, ina ganin wahalarsu a ƙofata kullum. Hanya ta wuce."

Na ɗago da sauri. Bakina ya buɗe. Na sa hannu na rufe shi.

"Gidan nan ɗaki tara ne. Ni kaɗai ne a ciki. Ina kwana a ɗaya, ina share takwas. Matata ta rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Gw... gwiwoyina sun gaji. Na so in bar shi tun tuni, amma mutum ba ya tashi haka kawai ya bar gidan ubansa, sai in tashinsa aka yi. To ku tashe ni, na gode muku."

Ya tsaya ya ja numfashi. Yatsan bai daina bugu ba.

"An ce kowa ya faɗi inda zai koma, a rubuta. Ba na son fili a bayan gari. Ban san kowa a can ba, kuma ba tela. Ina da ƙanwa. Tana cikin zauren nan, ita ce mai rubutu. Shekara tara ban yi mata magana ba. Shekarar farko laifinta ne. Sauran takwas ɗin nawa ne, na rasa ta inda zan fara. Na zaɓi in faɗa a nan, don a nan ne kawai ba za ta iya k... katse ni ba."

A nan muryar ta ɗan karye, bugun ya rikice. Ya rufe ido, ya sake kama shi.

"In tana da inda zan ajiye katifa da akwatin kayan aiki, a rubuta can zan koma. Ba ni da yawan magana, ba zan dame ta ba. In babu, kada ta ji nauyi. Ta kaɗa ƙararrawarta kawai, zan gane. Na gode."

Ya zauna. Ya miƙo hannu ya juya agogon ya duba, ya gyaɗa kai, ya mai da shi aljihun tebur. Ni ban duba ba. Hawaye ya hana ni ganin komai, kuma ban san lokacin da ya fara ba.

"Akwai wuri, Yaya," na ce. "Wallahi akwai. Ɗaki guda a rufe, ba kowa. Yau ma in kana so. In kira mota yanzu."

Ya ɗauki takardar hukuncin, ya gyara tabarau, ya karanta ta tun daga sama har hatimi, a hankali, leɓunansa suna motsi. Ba bugun yatsa yanzu, don wannan ba ya cikin abin da ya haddace. Da ya buɗe baki sai tsohuwar in'inar ta dawo da ƙarfinta duka. Na ga kalmar ta tsaya masa. Na san ta, ko dai na ɗauka na san ta. Na danne harshena da haƙori har na ji ɗanɗanon jini, na jira. Ban taɓa sanin jiran yana da tsawo haka ba.

"Gi... gida yana nan," ya ce daga ƙarshe. "Ba a ta... tashe ni ba."

"Mu rufe shi, Yaya. Mu sa kwaɗo. Wa zai ce wani abu?"

"Ni."

"Don kai na yi. Na rantse don kai na yi. Na ji tsoron su yi maka dariya."

"Na sani." Ya ninke takardar gida huɗu, ya miƙo mini. "Ku... kullum don ni kike yi."

Na karɓa. Na zauna ina jiran ko akwai saura. A waje ana ta buga guduma, wani rufin yana saukowa. Na nemi abin da zan faɗa a cikin duk maganganun da nake da su, na rasa wadda ba za ta ƙara ɓata abin ba.

Wani tela ya yi sallama, da kan keke a kafaɗa, yana ƙorafin wai zare yake tsinkewa tun jiya kuma yana da ɗinkin mutane. Yaya ya ture kayan gabansa gefe ya yi masa wuri. Ya juya ƙafar keken da hannu, ya kara kunne yana saurare. Bencin na masu kawo gyara ne, don haka na miƙe na ba telan.

Na kai bakin ƙofa na tsaya. "Yaya, zan tafi."

Ya ɗago, ya dube ni ta saman tabarau. Wannan karon maganar ta fito masa sumul, ba ko tangarɗa.

"A gai da gida."

"Za su ji," na ce, don haka ake amsawa.